Masu Kunyar Ƙafar Dama

Akwai wata ƙara da ke fitowa daga ɗakin ɗana duk ranar da yara ba su zuwa lakwal, wato makarantar boko, kamar an kafa baki ga tulun da ba ruwa ana busawa. In na ji ta, na san jirgin nan ya tashi. Jirgi ne na cikin tele. Ba ya sauka Yamai, ba ya sauka Makka, tsakanin taurari yake yawo kamar motar ƴan kasuwa, wannan mako ya ci kasuwar wanga tauraro, mako mai zuwa ta wancan. Ni ban yi lakwal ba, ban jin harshen da suke yi. Da fari tabarmata nake ja in koma gindin itacen bedi, in bar yara da aljannunsu. Amma zafin Konni ba ya barin tsohuwa ta yi gaba da fanka. Wata rana sai na zauna bakin ƙofa da ƙwaryar gujiya, ina ɓara, ina kallo da wutsiyar ido.

Ran nan jirgin ya sauka wurin wasu mutane masu kai kamar duma, fatarsu kamar ta guza. Garinsu guda, rijiyarsu guda, amma an ja igiya ta raba garin biyu, an sa masu tsaro. Na ga wata tsohuwarsu ta zo bakin igiya da akushi, ɗiyarta na ƙetare tana miƙo hannu, mai tsaro ya tsaya tsakani yana juya wata takarda har abincin ya huce. Jikokina sai dariya suke, ƙaramin har da birgima. Babbar jikata, wadda ta yi nisa a karatu, ita ke fassara mani. Ta ce, "Tsohuwa, kin ga wawaye. Harshensu ɗaya, kakansu ɗaya, igiya ce kawai."

Na ce, "Wanda ya shirya wanga abu, ya taɓa zuwa taurari?"

Ta ce a'a, ƙage ne.

Na ce, "To ya taɓa zuwa Konni, ko wani gari mai kama da ita. Gobe ki hau kabu-kabu a kai ki bakin iyaka, ki tsaya ki duba wa ke da kan duma."

Yarinyar ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ba wayo gare ni ba, kuma ba duba nake ba. Sana'ar ce na sani, don na tashi gaban wadda ta iya ta. Mai son gaya wa mutane abin da ba su son ji, in yana da hankali, ba ya zuwa ƙofarsu ya yi sallama da sunansu. Sai ya tafi can nesa inda ba wanda ke da dangi, ya ɗauko wasu mutane, ya ƙara masu tsawon kunne ko ya sauya masu fata, ya sa masu halinmu kamar riga, sannan ya ce ku zo ku ga abin dariya. Laifi tudu ne, na wani ake hangowa. Kakata ba ta taɓa ganin tele ba, akwatin rediyo ma sai can ƙarshen rayuwarta, amma ta taɓa kwasar gidanmu duka ta kai bayan sama ta dawo da mu da rana tsaka, kuma da tafiyar nan ta ceci ran yaro.

Ƙauyenmu na ƙasar Tajaye ne, bisa tudun da ƙasarsa ke ja, baƙaƙen duwatsu barbaje kamar an zubar. Gidanmu babba ne. Rumbunan laka sun jeru bayan ɗakuna kamar mata masu ciki, tsakar gida kuma akwai aduwa guda da ta girmi kowa. Abin da zan faɗa da bazara ya faru, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, guga ke daɗewa cikin rijiya kafin a ji ya taɓa ruwa. Awaki na bin inuwar danga suna haki. Da yamma a ga hadari ya ɗan haɗu gabas, a ɗaga kai, iska ta zo ta watsa shi. Maza duk sun tafi cin rani, Baba da ƙanensa Baffa suna can kudu, sai ruwa ya kusa za su dawo. Gida ya zama na mata. Ni lokacin ƙaramin tulu nake ɗauka, haƙorana na gaba sun fita ba su gama dawowa ba.

Bari in gaya maku mutanen gidan. Akwai Kaka, uwar su Baba, tsohuwa ƴar siririya wadda ganinta ya fara raguwa. Ta riga ta aje ludayi, ba ta rabon tuwo, ba ta rabon faɗa. Akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta da ɗa ko guda. Ita ke riƙe da gidan, in ta yi tari bakin rumbu kaji ma natsuwa suke. Akwai Inna da ta haife ni. Sai matar Baffa, da muke ce wa Inna ƙarama, yarinya ce sosai mai sanyin murya, da ɗanta na fari wanda ya fara tafiya yana faɗuwa.

Ku yaran yanzu da ke ɗaukar jaririnku hoto kuna sumbatarsa gaban surukai, sai na tsaya na faɗa maku abin da ɗan fari yake a lokacinmu. Uwa ba ta faɗin sunansa. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa in da mutane. Nono ma sai ta shiga ɗaki, ko ta juya baya kamar mai sata. In ya faɗi ya fasa baki gabanta, ta ci gaba da dakanta, wata ta ɗauke shi. Wannan ita ce kunya, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace da ta gidan da ta fito. Akwai wata a ƙauyenmu da kunama ta harbi ɗanta na fari, ta ruga tsakiyar gari tana kiran sunansa. Anka yi mata waƙa bakin rijiya, har ta yi furfura yara na rerawa in ta wuce. Shi kuma yaron gidanmu sunan marigayi kakanmu anka sa masa, sai kunyar ta zama biyu, ga ɗan fari ga sunan suruki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, Gwaggo ita ce ƴar farin Kaka. Ga su gida ɗaya, dukansu da furfura, amma ban taɓa jin Kaka ta dubi Gwaggo ta yi mata magana baki da baki ba. Sai dai ta ce mani, "Je ki ce wa waccan rana ta yi," alhali waccan na zaune tana ji. Gwaggo ta ce, "Ce mata na ji." Haka munka tashi muna gani, ba mu ɗauke shi komai ba.

Da bazarar nan Gwaggo ta ce yaro ya isa yaye. Anka karɓo rubutu wurin malam, anka dama kunu, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta kamar yadda ake yi. Kowane yaro na kukan yaye, ya yi ƴan kwanaki ya haƙura. Wannan bai haƙura ba. Ya rufe baki gam. A ɗura masa kunu ya dawo da shi, a ba shi fura ya kau da kai. Sai zawo ya same shi, ga zafin gari. Muna kallo yaro ya fara narkewa kamar gishiri da damina. Gurun da ke ƙugunsa ya zame har gwiwa. Idanunsa sunka faɗa ciki. Kukan da ke tashinmu da asuba ya koma ɗan nishi, irin na ɗan akuyar da anka haifa bai kai ba. In ya ji muryar uwarsa tsakar gida sai ya miƙa hannu wajen, ya gaji ya sauke.

Ita kuwa tana daka, ta ba ɗakin Gwaggo baya. Ni da nake kusa da turmi na lura da abu guda: duk sanda yaron ya yi nishin nan, taɓaryarta na tsayawa sama kamar an riƙe, sannan ta sauko. Gaban zanenta jiƙe yake da nono, tana karewa da faifai. Ba ta tambayi kowa ya jikinsa ba, ba ta da bakin tambaya. Tuwonta kaji ke ci. Wata rana muna dawowa daga rijiya na ji Inna ta ce mata a hankali, "Ki shiga ki ɗauke shi, abin da za a ce a ce." Inna ƙarama ta ci gaba da tafiya, ruwan tulu na zubo mata a fuska. Sannan ta ce, "Yaya, ba ni kaɗai za a zaga ba. Uwata za a ce ba ta yi tarbiyya ba, kuma ina da ƙanne mata a gida."

Kaka ta aiki Inna ta ce wa waccan a mayar da yaro ga uwarsa ya murmure, a sake yayen in ruwa ya sauka. Gwaggo na tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ce mata ni ma an yaye ni, an kai ni garin da ban san kowa ba, ga ni ban mutu ba. In anka mayar da shi, gobe mi za a ce da yarinyar nan bakin rijiya? Mutuncinta nake tsarewa." Kuma ku sani, ba mugunta ba ce. Gwaggo ta fi kowa wahala da yaron nan. Ita ke wanke shi, ita ke goya shi har bayanta ya yi ƙuraje, ita ke nemo saiwa da ɓawo duk inda anka kwatanta mata. Abu guda ne ba za ta ba shi ba, shi ne kuma kaɗai yake so.

Ran nan da hantsi muna gindin aduwa ana ɓarar gujiyar iri, don a shirya kafin maza su dawo. Har yau in na fasa ɓawon gujiya, ƙanshin ƙasar nan da ke fita can yake mayar da ni. Gwaggo ta shimfiɗa yaron gefenta tana yi masa fifita. Inna ƙarama na can ƙarshen tabarma, iyakar nisan da za ta iya, kanta sunkuye. Ƙas, ƙas na ɓawo kaɗai ke tashi. Sai Kaka ta gyara zama ta ce, kamar da ƙwaryarta take, "Akwai wasu mutane can bayan sama."

Inna ta ce, "Tatsuniya da rana, Iya? So kike yara su ɓace a daji?" Don haka anka ce mana, wanda ya ji tatsuniya da rana ɓata zai yi.

Kaka ta ce, "Wa ya ce maki tatsuniya? Kin ji na ce ga ta nan? Labari ne. Wani ɗan koli ya gani da idonsa, ya kwana gidan kakana, shi ya faɗa."

Ta ce ɗan kolin nan arewa ya nufa neman kanwa, jakinsa ya ɓace, ya bi sawu. Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, ya wuce ƙasar masu raƙuma, ya wuce inda rairayi ya ƙare, har ya kai inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa kamar bakin ƙwaryar da anka kife. Ya ga sawun jaki ya shige ta ƙarƙashi. Ya sa kafaɗa ya ɗaga bakin sama, ya rarrafa. Sai ga gari. Taurarin nan da kuke gani, in ji Kaka, wutar murhunsu ce, muna hango ta ta hujin tabarmarsu. Mutanen dogaye ne kamar giginya, kunnuwansu faffaɗa kamar faifai, in rana ta yi zafi da su suke fifita. Ga ladabi, ga karɓar baƙo, gaisuwarsu kaɗai sai ta ci rabin yini. Sai dai abu guda, duk garin ɗingishi suke, babba da yaro.

Na ce, "Mi ya same su?"

Ta ce, "Kunya. Su a can, mai tarbiyya ba ya sanin ƙafarsa ta dama. Ba ya kallonta, ba ya wanke ta, ba ya faɗin sunanta. In dole ta kama, sai ya ce ta mutane. In ƙaya ta soke ta ba ya cirewa, sai maƙwabci ya lura ya cire masa. In maƙwabci ya tafi kasuwa, to, sai ya dawo."

Mata sunka fara murmushi. Kaka ta ci gaba, fuskarta ba alamar wasa. Ta ce anka kai ɗan koli gaban sarkinsu. Sarki na zaune bakin wuta, manyan gari kewaye da shi, yana tambayar baƙo labarin hanya. Ɗan koli ya ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Ya duba, ashe ƙafar sarki ce ta dama cikin garwashi. Sarki gumi na zuba, jijiyar wuya ta tashi, amma sai cewa yake, "To baƙo, ya damina wajenku? Gero ya yi?" Ɗan koli ya kasa haƙuri ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafarka." Nan take fada ta ruɗe, kowa ya jawo kunnensa ya rufe fuska, kamar an yi ashar gaban surukai. Sai da wani dattijo ya yi kamar zai gyara itace, ya ture ƙafar da sanda, sannan sarki ya sauke numfashi ya ce, "Iska ta ɗan sauya."

Nan dariya ta ɓarke. Inna ta riƙe ciki. Rabon gidanmu da dariya tun kafin yayen nan. Kaka ta ƙara da wata budurwarsu kyakkyawa da ta taka ƙaya, ta manta, ta duƙa ta cire da kanta, samarinta duka sunka gudu. Gwaggo da ba ta cika dariya ba, ran nan har da hawaye, faifan fifita ya suɓuce mata. Ta share ido ta ce wa Inna, "Wanga ai ba kunya ba ce, hauka ne. Abin da ke jikinka, jininka ke gudu ciki, ka bar shi cikin wuta don kada a ce? Wawayen banza."

Kaka ta bari dariyar ta kwanta, kamar yadda ake barin ruwan tulu ya kwanta kafin a ɗiba. Sannan ta ce ɗan kolin ma ya tambaye su dalili. Sunka ce ai su ta ƙafa ake haihuwarsu, ta dama ke fara fitowa. Ita ce ta fari. Mai mutunci kuwa ba ya nuna ya damu da abin fari.

Ƙarar ɓawo ta ragu.

Ta ce da ɗan koli ya ga jakinsa zai dawo, sai wani cikinsu ya biyo shi don ya ga yadda mutanen ƙasa suke. Ya naɗe kunnuwa cikin rawani, ya sauka wani gida irin wanga, da bazara irin wagga, ya zauna ya ga komai. Da ya koma, sarki ya tara gari ya ce ya faɗa masu. Ya ce, "Gajeru ne, kunnuwansu kamar na ɓera. Kuma ba su da kunyar ƙafa ko kaɗan. Wanke ta suke gaban mutane, matansu har lalle suke sa mata." Gari ya yi tir. Ya ce, "Ku dakata, kada ku raina su. Wurin kunya sun fi mu nesa ba kusa ba. Mu ƙafa ce muke kau da kai gare ta, ita ko in ta ruɓe a yanke, mutum ya ci gaba da sanda. Su abin da suke kau da kai gare shi numfashi yake. Na gan shi kwance bisa tabarma, shina miƙa hannu."

Daga nan Kaka ta ce mani, "Miƙo mani ruwa, maƙoshina ya bushe." Ba ta ce kun gane ba. Ba ta dubi kowa ba.

Na dai tuna kurciya na kuka bisa aduwa, kuma ba hannun da ke motsi. Inna ƙarama ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙwarya. Gwaggo ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta ɗago ta dubi uwarta, abin da ba ta saba ba. Kaka fuskarta na wajen rumbuna, kamar kullum.

Gwaggo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta aiki kowa ba, "Shi mai kunnen, bai faɗi ba ko abin na mantawa in ya girma?"

Kaka ta kurɓi ruwa ta aje moɗa. Ta ce, "Bai faɗi ba. Abin da ya faɗa, mai ƙafa ko ya kau da kai, shi ke jin wutar."

Iyakar sanina, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ke nan ba ɗan aike, ita ma sai da ta bi ta bayan sama.

Gwaggo ta ja majina, ta ɗaure fuska, ta koma Gwaggon da munka sani. Ta ce, "Ke, ƴar mutane. Zo ki kwashe wanga abu, ya ɓata mani tabarma, bayana kuma ya gaji." Inna ƙarama ba ta motsa ba, tana tsoron ko gwaji ne. Gwaggo ta ce, "Ko sai na kawo maki har inda kike, ƴar sarki?" Inna ƙarama ta tashi, ta ja zane ta rufe fuska, ta zo ta ɗauke shi tana kallon gefe kamar mai ɗaukar kayan wani. Amma na ga yadda hannuwanta sunka ƙanƙame shi. Yaron ya cusa fuska cikin wuyanta, ya yi wata ajiyar zuciya da ta fi ƙarfin jikinsa. Ba ta kai ɗaki ba. Nan gindin turmi ta zauna ta ba mu baya. Ƙarfin tsotso ma ba shi da shi. Da yatsa ta riƙa ɗiga masa kaɗan kaɗan, nono da ruwa, daga baya kunu, kunun nan dai da ya ƙi a hannun kowa.

Washegari Gwaggo ta sa anka ɗaura wa jaki akumari, uwa da ɗa bisa, sunka nufi gidan likita Illela. Ita ta shiga gaba da sandarta, kuma ba ta bi bayan gari ba. Ta bakin rijiya ta bi, lokacin da mata sunka fi cika. Ta tsaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gidajensu, sannan ta ce, "Ni na ce ta ɗauke shi. Mai waƙa ta fara da ni." Ba a yi waƙa ba. Kafin maza su dawo da ruwan fari, yaro na bin kaji tsakar gida.

Kada ku ce daga ranar kunya ta ƙare a gidanmu. Ba ta ƙare ba, Kaka ma ba ta nufi ta ƙare ba. Da yaro ya yi ƙwari anka sake yaye shi, ya koma ɗakin Gwaggo, can ya girma, kuma a hannunsa ta cika. Inna ƙarama ta ci gaba da ce masa yaron nan. Kaka ta ci gaba da aikena wurin waccan. Ni ma da na yi ɗan fari na yi kunyarsa, ban kuma yi nadama ba, don al'adar na da amfaninta. Ɗa ya zama na gida duka, yarinyar da ta haihu ba ta san komai ba ta samu masu riƙe mata, wadda Allah bai ba haihuwa ba ta samu mai kiranta. Amma ranar da nawa ya kwanta da ƙyanda, ina gidan miji, nesa da namu, na ɗauke shi gaban surukaina ban nemi iznin kowa ba. Na riga na san inda kunya ke tsayawa.

Shi ya sa yanzu in jirgin nan ya tashi ban jan tabarma. Ina zama, jikata na fassara, ina auna su kamar yadda ake auna mai tuwo. Wani mako sun iya, wani mako ba su iya ba. In sunka cika harbe-harbe da wuta, na san ranar ba su da abin faɗi. In kuma shugaban jirgin ya tsaya ƙarshe yana bayanin abin da ya kamata a koya, sai in ce ya zubar da miyar. Amma na ga sun kawo wasu da sunka ƙone dajinsu ƙurmus don su haskaka gari da dare, suna mamakin abin da ya hana ruwa sauka. Na ga waɗanda ke tara tsofaffinsu gida guda, su sa ƙarfe ya riƙa yi masu hira. Ko ɗaya ba na taurari ba ne. Masu shirya abin nan da mutanensu suke, kuma tunda ɗan Adam ɗaya ne, wani jifan har Konni yake faɗowa. Inda sunka bambanta da Kaka, ita tabarma ɗaya take zaune da wadda take nufi, in ta gama kuma tukunya ɗaya za su ci. Su daga nesa suke jifa cikin kasuwa, kowa ya yi dariya ya ce da maƙwabci ake. Duk da haka ban raina ba. Ni fuskokin yara na fi kallo, kuma kusan kullum akwai guda da dariyarsa ke tsayawa kafin ta sauran.

Bara bayan girbi na je gida. Kaka da Gwaggo da Inna duk sun daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙan su. Matan gidan na yanzu suna ƙwala wa ƴaƴansu na fari kira tun daga ƙofar gida, ba mai ko waiwayawa. Inna ƙarama ce kaɗai ta rage cikin manya. Ta tsufa tukuf, hankali ya fara barinta. Ba ta gane ni ba. Ta manta garin da anka haife ta, ta manta Baffa ya rasu. Suna guda ya rage a bakinta, shi ne wanda ba ta taɓa faɗi ba tun tana yarinya.

Ina zaune kusa da ita sai ta ɗaga murya ta kira shi, sunan nan sak, har ana ji waje. Matar jikanta da ke wanki ta ce mani, "Kada ki damu, ruɗewa ce. Haka take yini." Sai ga shi ya fito daga wurin dabbobi, dattijo da farin gemu, mai jikoki, hannuwansa duk dusa. Ya zo ya durƙusa gabanta ya ce, "Na'am." Ta dube shi, ta yi ta dubansa, ba ta kau da kai ba. Ya jira. Ba ta aike shi ba, ba ta ce tana son ruwa ba. Da ya ga ba saƙo, ya tashi ya nufi turke. Bai kai ba ta sake kira.

Na ce masa, "Ba ka gajiya?"

Ya ce, "Yaya, bar ta ta kira. Ai ta daɗe tana tarawa." Ya karkaɗe hannuwa, ya juya ya koma wajenta, ya ce, "Na'am."